Zafin Nama da «Fom»: Harshen da Ake Auna Gwanintar Jiki da Shi a Fagen Kokowa

Idan kaka ta yi, aka ɗaure gero aka kai rumbu, ƙauyukan ƙaramar hukumar Sarkin Yamma da ke gundumar Madarunfa sukan koma ga wasan da suka gada. Da la'asar sakaliya ake share fili, makaɗa su kama gefe guda, samari su yi ɗamara su fito. Kokowar kanta ba ta daɗewa, wani karon ko minti biyu ba a cikawa an yi kaye. Abin da ke daɗewa shi ne maganar da ke biyo baya, wadda akan kai dare ana yi a dandali da fadojin shan shayi.

Wanda ya kasa kunne ga wannan magana zai ji bayani iri biyu a kan kaye guda. Dattijon da ya taɓa shiga fili zai ce wane ya miƙa ƙafarsa da gangan, abokin karon ya yi kwaɗayi ya kawo hannu, sai ya janye ƙafar, ya fizgo shi, ya harɗe masa ta dama, ya bi shi da ƙirji har ƙasa. Saurayin da ya yi lakol kuwa zai ce wane yana da «teknik», yana cikin «fom», kuma «fizik» ɗinsa ya fi na ɗayan. In dattijon ya tambaya, «Yaro, wace ce teknik ɗin a ciki?», amsar ba ta cika wuce «Baba, ai teknik ce kawai» ba.

Dukansu biyu kaye ɗaya suka gani, amma wanda bai je filin ba, daga bakin dattijon kaɗai zai iya sake ganin abin da ya faru. Wannan sharhi ya dubi inda kalmomin saurayin suka fito, da abin da suka zo da shi, da abin da suke turewa. Aron kalma ba laifi ba ne, Hausa ta daɗe tana aro daga Larabci da Azbinanci da Barebari. Abin dubawa shi ne lokacin da kalmar aro guda ta zauna a gurbin kalmomi goma, ta bar mai magana ba ya iya rarrabe abin da idonsa ya gani.

Hanyoyi biyu da Ingilishi ya biyo

A ƙasar Maraɗi ana ɗaukar «fom» da «antirenman» a matsayin Faransanci, tun da daga bakin malaman lakol da ƴan jarida aka ji su. Amma tushen ma'anarsu ta wasanni Ingilishi ne. Tun ƙarni na 18 masu sukuwar dawaki a Ingila ke amfani da kalmar «form» don nufin halin da doki yake ciki da irin gudun da ya yi a baya. A ƙarni na 19 Faransawa suka ɗauki wannan ma'ana, daga nan «être en forme» ta fito. Haka ma «entraîner»: tsohuwar kalmar Faransanci ce, amma ma'anar horar da doki ko ɗan wasa daga «to train» ta Ingilishi aka ɗora mata. «Match» da «record» da «penalty» da «corner» duka ta wannan ƙofa suka shiga. Ita kanta «sport» asalinta tsohon Faransanci ne, «desport», wato shaƙatawa. Ta ƙetara zuwa Ingila, ta dawo gida da sabuwar riga. Dalili kuwa sananne ne: a Ingila aka rubuta dokokin yawancin wasannin zamani, na ƙwallon ƙafa a 1863, na damben turawa da ake kira dokokin Queensberry a 1867. Wanda ya rubuta doka shi ke raɗa suna.

Wannan ita ce hanya ta farko, doguwa, wadda ta biyo ta Paris da Yamai kafin ta iso aji. Hanya ta biyu gajera ce: daga Kano da Katsina, ta Jibiya da Ɗan Isa, cikin bakin ƴan kasuwa da ƴan ci-rani, da finafinai, da gidajen kallon ƙwallon Ingila, da kuma wayar salula a yanzu. Ta nan «tirenin» da «koci» da «fit» da «sikil» suka shigo. Saboda haka saurayin Sarkin Yamma yana karɓar Ingilishi ta gabas da yamma, sau ɗaya sanye da rigar Faransanci, sau ɗaya da Hausar Kano, alhali sau da yawa bai san abu guda ne ya zo masa sau biyu ba.

Abin da Ingilishi ke gani a jikin ɗan wasa

Idan aka tattara maganganun da masu sharhin wasanni ke yawan yi da Ingilishi, za a ga suna kallon jiki ta fuska uku. Ta farko ita ce siffa: ana cewa mutum yana «in form» ko «in shape», wato jikinsa ya zauna cikin wani tsari da ake so, kamar tubalin da ya fito daidai daga ma'auni. Ta biyu ita ce inji: ɗan ƙwallon da ba ya gajiya ana cewa yana da «engine», wanda ya gaji kuma ana cewa tururinsa ya ƙare ko tankinsa ya ƙafe. Ba abin mamaki ba ne a harshen ƙasar da jirgin ƙasa da masaƙun zamani suka fara bunƙasa. Ta uku ita ce mallaka: ɗan wasa «yana da» sauri, «yana da» ƙarfi, «yana da» teknik, tamkar kaya ne a cikin jaka, waɗanda za a iya ƙirgawa, a auna, a sa musu kuɗi ranar da wata ƙungiya ta zo saye.

Wannan kallo yana da amfaninsa, kuma adalci ne a faɗe shi. Shi ya koyar da cewa gwaninta abu ne da ake ginawa da horo da abinci da hutu, ana iya auna ta yau a sake aunawa bayan wata uku, kuma targaɗe da karaya suna da magani da lokacin jinya. Issaka Daboré, wanda ya samo wa Nijar lambar tagulla a damben Olimpik na Munich a 1972, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya samo ta azurfa a taekwondo a Rio a 2016 kuma ya zama zakaran duniya a 2017, duka cikin wannan tsari na horo da awo suka yi aikinsu.

Haka nan ba daidai ba ne a ce Ingilishi matalaucin harshe ne a wannan fanni. Manoman arewacin Ingila, a Cumberland da Westmorland, suna da tasu kokowar ta gargajiya, kuma kowane irin kaye da sunansa a bakinsu. Sai dai waɗannan kalmomi ba su hau jirgi ba. Abin da ya iso Maraɗi shi ne ƴar kumfar da ke saman harshen, kalmomi biyar ko shida na talabijin waɗanda suka dace da kowane wasa domin ba su bayyana kowane ɗaya ba. Kalmar «skill» ma, wadda ta zama «sikil», asalinta daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ne, inda take nufin rarrabewa da bambance abu da abu. A bakin mai aro ta rasa wannan ma'ana sarai, ta koma kalmar da ake jefawa idan an kasa bambancewa.

Abin da Hausa ke gani

Hausa ba ta kallon jiki a matsayin inji. Tana auna shi da zafi da sanyi da nauyi, kuma tana rarraba gwaninta ga sassan jiki daban-daban. «Zafin nama» ba gudu ba ne, ba kuma gaggawa ba ce. Shi ne saurin da jiki ke amsawa kafin tunani ya gama, irin wanda ke sa ɗan kokowa ya janye ƙafa daidai lokacin da hannu ya taɓa ta. Kishiyarsa «sanyin jiki». «Nauyin jiki» kuma bai shafi kilo ba, domin ana samun ƙato marar nauyin jiki, ana samun siriri mai shi. Wanda tsoro ya kama «gwiwarsa ta yi sanyi», wanda ya daure yana da «ƙarfin zuciya», matashi kuma «jini a jika» gare shi. Shi kansa ƙarfi an raba shi: «ƙarfin tuwo» yabo ne mai ɗauke da ɗan zambo, domin yana nuna mai shi ba ya da komai bayan damtse. Duk waɗannan «fizik» ta haɗiye su.

A ɓangaren «teknik» ma haka abin yake. «Iyawa» ita ce matakin farko. «Ƙwarewa» sai an daɗe ana yi. «Gwaninta» ta ƙara da kyan gani, abin da ke sa ƴan kallo su yi shewa ko da ba a yi kaye ba. «Dabara» shiri ne da aka ƙulla tun kafin a kama, «wayo» kuwa na nan take ne, kuma yana iya kusantar ha'inci. Karin maganar nan «iya ruwa fidda kai» ta taƙaita ma'aunin: ana gane iyawa ne daga abin da ta fitar da mai ita a lokacin da abu ya ƙure.

Amma babbar taskar tana cikin aikatau. Inda harshen talabijin ke cewa ɗan wasa «yana da» wani abu, Hausa tana faɗin abin da ya yi wa wani. A wajen kamu akwai cafka da damƙa da sarƙewa da rungumewa. A wajen ƙafa akwai taɗiya da harɗiya, kuma ba ɗaya ba ne: mai taɗiya yana buge ƙafa ya wuce, mai harɗiya yana naɗe ta da tasa ya zauna a kai. A wajen tsira akwai gocewa da zillewa da suɓucewa da turjiya. A wajen kaye akwai wanda aka sunkuta aka maka, da wanda aka fyaɗa, da wanda aka nana, da wanda aka bi a hankali har ya dafa ƙasa da kansa. Ga kuma amsa-kama, wadda Faransanci da Ingilishi ba su da kwatankwacinta da yawa: an cafke shi caraf, an ɗaga shi cak, ya faɗi tim ko ya zube yaraf, ya miƙe zumbur. Tsakanin «tim» da «yaraf» akwai labarin kokowa sukutum, na farko ƙato ne aka kayar yana da sauran ƙarfi, na biyu gajiya ce ta riga abokin karo gamawa da shi.

Tsarin aikatau na Hausa, wanda F. W. Parsons ya kasa gida bakwai a 1960, yana ƙara wani abu da fassara ke wahalar kamawa. «Ya tura shi», «ya turo shi», «ya ture shi», «ba ya turuwa»: saiwa ɗaya ce, amma wasalin ƙarshe yana faɗin inda jiki ya nufa, ko aikin ya kai matuƙa, ko kuma mutumin irin wanda ba a iya yi wa haka ne. Idan aka ce ɗan kokowa «ba ya ɗaguwa», an bayyana yadda yake kafa ƙafa da yadda yake sauke ƙugu, cikin kalmomi uku. Mai fassara zuwa Faransanci sai ya yi jimla guda kafin ya kai nan.

Masanin nan na Faransa Marcel Mauss ya gabatar da wata lacca a 1934 a kan abin da ya kira dabarun jiki. Ya nuna cewa tafiya da iyo da haƙa ba halitta ba ce kawai, koyonsu ake yi, kuma kowace al'umma da irin nata. Ya kawo misalin sojojin Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda suka kasa aiki da shebur ɗin Faransawa har sai da aka riƙa canza musu dubban shebur duk lokacin da suka karɓi wani bagire. In haka ne, kalmomin da al'umma ta raɗa wa motsin jikinta su ne littafin da ta adana wannan koyo a ciki. Ƙugun da ke sauka a fagen kokowa shi ne wanda ya saba da sungumi da hauya, kuma harshen da ya san noman shi ya san kokowar.

Inda Hausar fili ta gaza

Duk da haka, mai son Hausa bai kamata ya tsaya ga yabon taska ba, domin ba ita ake ji a lasifika ba. Abin da ya fi cika fili shi ne kirari da zuga. Wannan fasaha ce babba mai tarihi. Waƙoƙin Sagalo ga ƴan kokowar Nijar, da na Muhammadu Bawa Ɗan Anace ga ƴan dambe irin su Shago, suna cikin abin da Hausa za ta yi alfahari da shi. Amma aikin kirari shi ne ya tsima mai shiga fili, ya tuna masa gidansu da garinsu da waɗanda ya kayar. Ba aikinsa ba ne ya bayyana yadda aka yi kaye. A cikin kirari kowa giwa ne, kowa bajimi ne, kowa dutse ne, har da wanda za a ɗaga cak bayan minti guda. Ta wannan fuska «giwa» da «teknik» jirgi ɗaya ya ɗauko su: kowace tana rufe gurbin bayani.

Abu na biyu da ke tauye bayani shi ne asiri. Layu da guraye da kambuna da ƙoƙon rubutu wani ɓangare ne na kokowa, ba mai musun haka, kuma ƴan kallo suna son ganinsu. Sai dai idan zakara ya faɗi aka ce an karya masa asiri, ko aka ce ranar ce ba tasa ba, magana ta ƙare ke nan. Ba wanda zai koma ya tambayi yadda aka shammace shi, ko ƙafar da ya saba mantawa a baya. Wanda ya yi kayen ma an ƙwace masa aikinsa an ba malaminsa. A nan harshen horo da awo ya fi gaskiya ga ɗan wasa, tun da yana mayar masa da nasararsa da kuskurensa.

Abin lura shi ne, mafi ƙwarewar masu nazarin jiki a filin su ne ƴan cali-cali, masu ban dariyar da ke kwaikwayon ƴan kokowa. Ba za a iya kwaikwayon mutum har jama'a su gane shi ba sai an lura da yadda yake takawa, da yadda yake miƙa hannu, da yadda yake sunkuyawa. Suna yin sharhin da jikinsu, saura a samu masu yin sa da baki da alƙalami.

Takobi, doka da rediyo

A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka shirya gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, kuma ɗan jahar Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya ɗauki takobi. Daga nan kokowa ta tashi daga dandalin ƙauye ta shiga hannun hukuma. A tsarin da aka saba, jahohi 8 ke kawo ƴan kokowa goma-goma, su 80 ke nan, ana zagayawa da gasar daga babban birnin wata jaha zuwa na wata. Aka gina filaye, aka raɗa musu sunayen mazan jiya: na Maraɗi Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Aka kawo alƙalai da usur da agogo, aka kawo gargaɗi wanda ke iya raba gardama idan lokaci ya cika ba a yi kaye ba.

Da Faransanci aka tsara wannan doka, saboda haka kalmomin hukunci na Faransanci ne: «arbitre», «avertissement», «finale». Kirari da kiɗa suka zauna a hannun Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Tsakanin doka da kirari akwai wani fili, wato bayanin abin da jikuna biyu ke yi wa juna, kuma shi ne ya zama maraya. Mai sharhi a rediyo, wanda dubban mutane ke kewaye da akwati suna jiran bakinsa a ƙauyuka, yakan yi tsalle daga kirari zuwa hukunci, ya cike tsakanin da «ana ta fafatawa» da «kai jama'a». Akwai gwanaye a cikinsu, masu sa mai sauraro ya ga hannu da ƙafa, amma gwanintarsu ta kansu ce, ba wani tsari da ya raine ta.

Illar wannan tana fitowa idan aka nemi tarihi. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen Disamba 2023, abin da ba wanda ya yi kafinsa. Wanda ya nemi sanin dalili zai fi samun adadi da kirari a kan bayanin yadda yake kamu da yadda yake jiran kuskuren abokin karo. Shi dai akwai hotunan bidiyo da za a koma gare su. Kantu fa? Waɗanda suka gan shi a fili a 1975 suna samari, yau sun tsufa. Yadda yake kokowa yana cikin bakinsu ne, da irin kalmomin dattijon Sarkin Yamma. Ranar da kalmomin suka tafi, abin da zai rage wa Maraɗi shi ne suna a jikin bangon fili.

Ba wai Hausa ba ta iya ɗaukar sabon wasa ba ne. Ƙwallon ƙafa shaida ce. Ma'aikatan gidajen rediyon Kaduna da Kano, da na sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, sun zauna sun ƙera «mai tsaron raga» da «bugun kusurwa» da «satar gida» da «bugun daga kai sai mai tsaron gida», jama'a kuma suka karɓa. «Satar gida» ma ta fi «hors-jeu» bayyana laifin. Baƙon wasa ya samu masu yi masa hidima, wasan gida kuwa aka ɗauka ba ya bukata.

Darasi daga waje

Littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, wanda ɗaliban ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka sani da Le monde s'effondre tun fassarar 1966, da kokowa ya buɗe. Okonkwo yana ɗan shekara 18 ya kayar da Amalinze, wanda ya shekara bakwai ba a kayar da shi ba, kuma ake masa laƙabi da Kyanwa domin bayansa ba ya taɓa ƙasa. Da Ingilishi Achebe ya rubuta, amma bai ari ma'aunin masu sharhin wasannin Ingila ba. Laƙabin ya fito daga idon ƙauyen Ibo, kuma bayani ne na gaske a kan yadda mutumin ke juyawa a sama ya sauka a kan ƙafafunsa. Ya tanƙwara Ingilishi ya ɗauki kallon mutanensa. Wannan shafi guda ya isa darasin mako a ajin da ake koyar da harsuna biyu.

A Faransa kanta, mutanen Bretagne suna da kokowarsu mai suna «gouren», kuma ba su yarda Faransanci ya raɗa mata sunaye ba: cikakken kaye «lamm» ne, harɗiya «kliked» ce, haka suke a cikin dokokin wasan. Japanawa sun yi fiye da haka da judo, domin duk inda ake yin sa a duniya, har a Yamai, alƙali da Japananci yake cewa «ippon». Wasan da ya riƙe kalmominsa yakan tafi da su duk inda ya je. Kokowar Nijar tana fita waje, an yi ta a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamba 2005, ana kuma yin ta a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, amma ba ta tafi da kalmarta ko ɗaya ba.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, ta daidaita ƙa'idar rubutu a 1999, dokar 2001 kuma ta amince da harsunan ƙasa guda 10. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ma'anar wannan ga maganar da ake yi a fili take: Ingilishi zai ƙara shigowa ta ƙofar aji, Hausa kuma za a nemi ta yi aikin da ba a saba ba ta ba, wato bayani dalla-dalla a rubuce. Harshen da bai iya rubuta yadda aka yi kaye a dandalinsa ba, da wuya ya rubuta yadda jini ke zagaya jiki a littafin kimiyya.

Aikin farko na tattarawa ne, kuma bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ta gari guda ba. A Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa da Gabi akwai tsofaffin ƴan kokowa. A zauna da su, a ɗauki muryarsu, a sa su nuna kowane kamu su faɗi sunansa, a ɗauki hoto. A gwada abin da aka samu da ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya adana kalmomin Katsina da Sakkwato masu yawa, a ga wanda ya rayu da wanda ya canza. Kada a yi gaggawar zaɓen kalma ɗaya a zubar da saura: abin da Bakatsinen Maraɗi ke kira da wani suna, Bagobirin Tibiri ko Ba'adare ko mutumin Damagaram na iya kiransa da wani, kuma ƙaramin ƙamus yana da wurin kowa. Kada kuma a tsaya ga maza. Luguden da mata ke yi a turmi guda, suna cilla taɓarya sama su tafa su cafe, da ɗaukar tulu ba riƙo, da iyon masuntan tafkin Madarunfa, duka gwanintar jiki ce mai kalmominta.

Aiki na biyu na aji ne. A ba ɗalibai kokowa guda, ta fili ko ta bidiyo, a ce su rubuta ta cikin layi goma da Hausa, da sharaɗin ba «teknik», ba «fom», ba giwa, ba asiri. Sa'an nan su juya rubutun zuwa Faransanci da Ingilishi. A nan ɗalibi zai gano da kansa cewa waɗancan harsuna ma suna da aikatau na kamu da gociya waɗanda talabijin bai koya masa ba, sai ya je ƙamus ya nemo su. Hausarsa ta ƙaru, Faransancinsa da Ingilishinsa ma su ƙaru. Malamin motsa jiki da malamin harshe suna iya yin wannan darasi tare.

Aiki na uku na masu sharhi ne. Gidajen rediyon Maraɗi da na ƙasa suna da mutanen da jama'a ke kwaikwayon bakinsu. Idan ƙaramin ƙamus ya shiga hannunsu kafin gasar takobi, suka riƙa cewa harɗiya inda harɗiya ce, taɗiya inda taɗiya ce, cikin shekara biyu ko uku yara za su riƙa faɗin haka a wasansu na rairayi. Inda Hausa ba ta da kalma, kamar awon bugun zuciya ko rukunin nauyi, a ƙera ko a ara, a rubuta da ƙa'idar Hausa, ba abin kunya a ciki.

Kaka mai zuwa za a sake share fili a Sarkin Yamma, dattijon kuma zai sake yin tambayarsa. Abin da ake fata shi ne a samu saurayin da zai amsa masa da cewa harɗiya ce ta ƙafar dama bayan an janye ta hagu, da kuma wani malami a gefe riƙe da littafi yana rubutawa.